Wa zai tsaya wa ɗalibi idan ya buɗe baki?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wani ɓangare na batun Falasɗinu wanda ba a cika tattauna shi a majalisunmu ba, duk da cewa maganar Gaza ba ta bar bakin mutanenmu ba tun daga watan Oktoban 2023. A nan Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Obalende zuwa Alaba Rago, da wuya ka sami masallacin da ba a yi wa Falasɗinawa addu'a ba, kuma mutane da yawa sun kalli ɗaliban Amurka a wayoyinsu suna kafa tantuna a harabar jami'o'i, suka yi ta sa musu albarka. Abin da ba mu tsaya muka duba ba shi ne aikin da zaɓaɓɓun majalisun ɗalibai suka yi a waɗannan jami'o'i wajen kare haƙƙin ɗalibi Bafalasɗine na ya faɗi ra'ayinsa, da irin yadda hukumomin makarantu suka yi ta murƙushe wannan aiki. A ganina darasin da ya fi shafarmu yana nan, domin ya taɓa 'ya'yanmu da ke karatu a jami'o'in Akoka da Ojo da Samaru da Kano kai tsaye.

Majalisar ɗalibai a jami'ar Amurka ta yi kama da ƙungiyar da ɗalibanmu ke kira SUG. Ɗalibai ne ke zaɓen shugabanninta, tana da kasafin kuɗi daga abin da kowane ɗalibi ke biya, kuma a jami'o'i da dama ita ce ke raba wa ƙananan ƙungiyoyi kuɗin gudanarwa, ita ce kuma ke fara amincewa da rajistar sabuwar ƙungiya. Saboda haka ɗalibin da yake son ya kafa ƙungiya, ko ya sami zauren taro, ko ya gayyato mai lacca, ta ƙofarta yake bi. Ɗaliban Falasɗinu kuwa 'yan tsiraru ne a kowace jami'a, wasunsu da biza suke zaune, wasunsu kuma danginsu na ƙarƙashin ruwan bama-bamai a lokacin da su suke zaune a aji. Dukkan jami'o'in Gaza an rushe su ko an yi musu mummunar ɓarna, kuma shugaban Jami'ar Musulunci ta Gaza, Farfesa Sufyan Tayeh, an kashe shi tare da iyalansa a watan Disambar 2023. Mutumin da yake cikin irin wannan hali, idan ya yi magana shi kaɗai, takarda ɗaya daga ofishin ladabtarwa ta isa ta rufe masa baki. Idan kuwa zaɓaɓɓiyar majalisa ta tsaya a bayansa, to hukuma ta san cewa da dubban ɗalibai take jayayya.

Wannan jayayya ta girmi yaƙin Gaza da ya ɓarke a 2023. A ƙarshen shekarar 2015 wasu ɗalibai a Jami'ar Fordham da ke New York suka nemi rajistar ƙungiyar neman adalci ga Falasɗinu, majalisar ɗalibai ta zauna ta amince, sai shugaban sashen harkokin ɗalibai ya soke amincewar, bisa hujjar cewa ƙungiyar za ta raba kan ɗalibai. Ɗaliban suka kai ƙara, kotu ta ba su gaskiya a 2019, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta warware wannan hukunci a ƙarshen 2020. Waɗanda suka fara neman rajistar sun gama karatu sun tafi ba tare da an kammala shari'ar ba.

Bayan harin Hamas na ranar 7 ga Oktoban 2023 da yaƙin da Isra'ila ta ƙaddamar a Gaza, abin ya ƙara tsanani. A watan Nuwamba Jami'ar Brandeis ta janye rajistar ƙungiyar ɗalibai masu goyon bayan Falasɗinu, Jami'ar Columbia kuma ta dakatar da ƙungiyoyi biyu, ɗaya daga cikinsu ta ɗaliban Yahudawa ce masu adawa da yaƙin, abin da ya kamata mutanenmu su riƙe da kyau. A cikin wannan wata ne aka harbi ɗalibai uku 'yan asalin Falasɗinu a garin Burlington na jihar Vermont suna tafiya a titi, biyu daga cikinsu suna sanye da ƙyallen nan mai zanen baƙi da fari da aka san Falasɗinawa da shi, kuma ɗayansu, ɗalibin Jami'ar Brown, ya shanye daga ƙirji zuwa ƙasa. Da bazarar 2024 ta zo, aka kafa tantuna a Columbia ranar 17 ga Afrilu, washegari 'yan sanda suka kama fiye da mutum 100, kuma kafin zangon karatu ya ƙare an kama fiye da mutum 3,000 a jami'o'in ƙasar.

A tsakiyar wannan ruɗani majalisun ɗalibai suka yi ƙoƙarin bin hanyar da aka koya musu cewa ita ce ta dimokuraɗiyya, wato a kawo ƙuduri, a yi muhawara, a jefa ƙuri'a. A Jami'ar Michigan an shirya ƙuri'ar ɗalibai a kan ƙudurori biyu masu karo da juna game da yaƙin a ƙarshen Nuwamban 2023, sai hukumar jami'ar ta soke ƙuri'ar ana cikin jefawa, ta ce an yi amfani da adireshin saƙonnin makaranta ba bisa ƙa'ida ba. A Jami'ar Vanderbilt kuma, a watan Maris na 2024, hukuma ta cire wata tambaya daga takardar zaɓen ɗalibai wadda ta shafi hana kashe kuɗin majalisarsu a kan kamfanonin da ke da alaƙa da mamayar Isra'ila, tana kafa hujja da dokar jihar Tennessee. Ɗalibai suka yi zaman dirshan a ginin shugaban jami'a, aka kori uku daga cikinsu. Mai hankali zai lura cewa a duka wuraren biyu an fara toshe hanyar ƙuri'a ne, sannan daga baya aka zo ana zargin ɗalibai da rashin bin tsari.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Jami'ar Tufts da ke jihar Massachusetts. A watan Maris na 2024 majalisar ɗaliban jami'ar ta yi doguwar muhawara, ta zartar da ƙudurorin da suka nemi hukuma ta amince cewa kisan ƙare dangi ake yi wa Falasɗinawa, ta bayyana inda take zuba jarinta, ta kuma janye shi daga kamfanonin da ke da alaƙa da Isra'ila. Hukumar jami'ar ta yi watsi da su nan take. Sai wasu ɗalibai huɗu masu karatun babban digiri suka rubuta muƙala a jaridar ɗaliban makarantar, suna cewa bai dace a wulaƙanta hukuncin zaɓaɓɓiyar majalisa haka ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce Rumeysa Ozturk, 'yar ƙasar Turkiyya mai karatun digiri na uku. Bayan shekara guda, ranar 25 ga Maris na 2025, a cikin watan Ramadan, tana kan hanyarta ta zuwa buɗa-baki da ƙawayenta, jami'an shige da fice cikin farin kaya, wasunsu da fuska a rufe, suka tare ta a titi suka sa mata ankwa. An soke bizarta ba tare da an sanar da ita ba, aka kai ta wani gidan tsare baƙi a jihar Louisiana, inda ta shafe kimanin mako shida, har sai da wani alƙalin tarayya ya ba da umurnin sakinta ranar 9 ga Mayu, yana cewa gwamnati ba ta gabatar da wata hujja ba sai wannan muƙala.

Ya Edita, ka duba abin da wannan baiwar Allah ta yi. Ba ta fasa taga ba, ba ta tare ƙofar aji ba, ba ta zagi kowa ba. Ta yi irin abin da nake yi yanzu ne, ta rubuta wa jarida, kuma abin da ta nema shi ne a mutunta ƙuri'ar majalisar ɗalibai. Hatta hukumar jami'ar da muƙalar ta soka ta shaida wa kotu cewa rubutun bai saɓa wa dokokin makaranta ba. Haka aka tsare Mahmoud Khalil, Bafalasɗinen da ya riƙa shiga tsakanin masu zanga-zanga da hukumar Columbia, daga 8 ga Maris zuwa 20 ga Yunin 2025, duk da cewa yana da katin zama na dindindin, har matarsa ta haihu ba ya nan. A ƙarshen Satumbar 2025 wani alƙalin tarayya a Boston ya yanke hukuncin cewa farautar baƙin ɗalibai saboda kalamansu a kan Falasɗinu ya saɓa wa kundin tsarin mulkin Amurka, amma kafin hukuncin ya zo tsoro ya riga ya shiga zukatan ɗalibai da yawa.

Na san akwai masu cewa ƙudurin ɗalibai ba ya tsayar da yaƙi, kuma gaskiya ne. Jami'ar Brown ta yarda za ta duba batun janye jari, a watan Oktoban 2024 kuma hukumar gudanarwarta ta jefa ƙuri'a ta ƙi. Sai dai tarihi ya nuna cewa abin da aka ƙi yau ana iya karɓarsa gobe, domin a 1985 ɗaliban Columbia sun tare ƙofar wani gini na tsawon makonni suna neman a janye jari daga Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, kuma kafin shekarar ta ƙare jami'ar ta amince. Ko da ba a kai ga haka ba, amfanin majalisa bai tsaya a kan jari ba. Ita ce ke iya tilasta a rubuta dalilin dakatar da ɗalibi, a ba shi damar kare kansa, a bar shi ya zo da mai ba shi shawara, kuma ita ce ke ajiye tarihin abin da ya faru ta yadda ba za a wayi gari a ce ba a yi ba.

Wannan ba ya nufin duk abin da aka yi da sunan Falasɗinu daidai ne. A Michigan ɗin nan, wasu ɗalibai suka ci zaɓen shugabancin majalisa a 2024 bisa alƙawarin cewa za su dakatar da dukkan ayyukanta, su riƙe kuɗin ƙungiyoyi, har sai jami'a ta janye jarinta. Sun cika alƙawarin, amma waɗanda suka sha wahala su ne ƙananan ƙungiyoyin ɗalibai da suka dogara da wannan kuɗi, jami'a kuwa ko gezau ba ta yi ba, kuma kafin shekarar ta ƙare aka tsige shugabar da mataimakinta. Ni a nawa ra'ayin sun yi kuskure, domin sun karya makamin da yake hannunsu da kansu, sun kuma mayar da masu tausaya musu abokan hamayya. Haka kuma an sami ɗaliban Yahudawa da aka tsangwama ko aka zaga saboda addininsu kawai, kuma majalisar da ta kare Bafalasɗine ta kau da kai daga wannan ta zubar da hujjarta. Shugaban ɗalibai na kowa ne, har da wanda bai zaɓe shi ba.

Yanzu bari in dawo gida, domin mu a Nijeriya ba baƙi ba ne a wannan fage, kuma garin nan na Legas shaida ne. A ƙarshen 1960 ɗalibai suka yi tattaki zuwa majalisar dokoki a nan Legas suna adawa da yarjejeniyar tsaro tsakanin Nijeriya da Birtaniya, kuma a farkon 1962 aka soke ta. A shekarun 1970 ɗalibanmu sun ba da nasu taro da sisi ga asusun tallafa wa baƙaƙen fatar kudancin Afirka, ba wanda ya ce musu su bar harkar wata ƙasa. A watan Afrilun 1978, lokacin da aka ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ƙarƙashin Segun Okeowo ta tashi tsaye, aka harbe wani ɗalibi mai suna Akintunde Ojo a Jami'ar Legas, aka kashe wasu a Jami'ar Ahmadu Bello, gwamnatin soja ta Obasanjo ta haramta ƙungiyar, har aka kafa sabuwar ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, wato NANS, a 1980. A watan Mayun 1986 an sake zubar da jinin ɗalibai a Zariya. Tun daga wannan lokaci gwamnatoci da hukumomin jami'o'i suka gane cewa hanya mafi sauƙi ita ce a rushe ƙungiyar, ko a saye shugabanninta.

Sakamakon haka muke gani a yau. Jami'ar Legas ta dakatar da ƙungiyar ɗalibanta a 2016 bayan zanga-zanga kan rashin ruwa da wutar lantarki, aka kwashe shekaru ba zaɓaɓɓiyar ƙungiya, ta yadda da aka ninka kuɗin makaranta a 2023, ɗaliban da suka fito suka gamu da barkonon tsohuwa, ba su da halattacciyar majalisar da za ta zauna da hukuma a madadinsu. Ita kuwa NANS, kowa ya san yadda ta rarrabu, da yadda wasu shugabanninta suka fi ƙwarewa a raba lambar yabo ga 'yan siyasa. Duk da haka, a ƙarshen 2022, da aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda rubutun da ya yi a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, hayaniyar jama'a da barazanar zanga-zangar da NANS ta yi suna cikin abin da ya sa aka janye ƙarar. Ko raunanniyar ƙungiya, ashe, tana da ranarta. Sashe na 39 da na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin ra'ayi da na taruwa, amma takarda ba ta zuwa gaban kwamitin ladabtarwa ta raka yaro.

Mu iyaye Hausawa mazauna kudu muna da namu kason a wannan. Idan yaro zai tafi jami'a, huɗubar da muke yi masa ita ce karatu ya kai shi, kada ya shiga ƙungiya, kada ya tsaya takara, kada a gan shi a gaba. Tsoron ba na banza ba ne, domin mutumin da ya tara kuɗin makaranta daga sayar da tumatir a Mile 12 ko canjin kuɗi ba zai so a koro masa ɗa a shekarar ƙarshe ba, balle kuma yana zaune a garin da ake masa kallon baƙo ko da a nan aka haifi kakansa. Amma wannan matsayi namu na 'yan tsiraru shi ne ya fi kusantar da mu da halin ɗalibin Falasɗinu a Amurka. Ranar da aka hana 'yarka shiga ɗakin jarrabawa saboda hijabi, ko aka yi wa ɗanka fassarar da bai yi niyya ba a kan wani rubutu, wa zai tsaya masa idan babu ƙungiya, ko kuma akwai amma babu namu ko ɗaya a cikinta? Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Fiye da ɗaliban Nijeriya 20,000 ne ke karatu a Amurka, kuma tun tsakiyar 2025 ana buƙatar mai neman bizar karatu ya buɗe shafukansa na sada zumunta domin a bincika. Yaron da ya rubuta addu'a ga Gaza a Facebook daga Agege yana cikin wannan lissafi.

Akwai kuma maganar da ba ta da daɗin faɗa, amma barin ta munafunci ne. Ba zai yiwu mu yi ta kukan an rufe bakin Falasɗinawa a Columbia ba, alhali a makarantunmu ɗalibai kan ɗauki doka a hannunsu a kan magana. Kisan da aka yi wa wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato a watan Mayun 2022, wanda Majalisar Sarkin Musulmi da kanta ta yi tir da shi, ɗalibai ne suka yi shi ba tare da alƙali ko shari'a ba. Duk wanda ake zargi da laifi a kan furuci, komai girmansa, hukuma da kotu ne wurinsa, kuma aikin shugabannin ɗalibai ne su tsaya tsakaninsa da taron jama'a har a kai shi can.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin ɗalibanmu, tun daga SUG na kowace makaranta har ƙungiyoyin ɗaliban jihohin Arewa da ke jami'o'in kudu, da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN wadda a nan Legas aka kafa ta a 1954, da takwarorinsu na Kirista, su wuce matakin fitar da sanarwar Allah wadai. Su nemi a rubuta a cikin dokokin makaranta cewa ba za a kori ɗalibi ko a dakatar da shi saboda ra'ayin da ya bayyana cikin lumana ba, kuma duk wanda za a gurfanar a gaban kwamitin ladabtarwa a ba shi tuhumarsa a rubuce, a bar wakilin ɗalibai ya zauna a wurin. Idan za su shirya taro a kan Falasɗinu, su shirya shi a zauren jami'a da izini, su gayyato malaman tarihi da na shari'ar ƙasa da ƙasa, su bar mai ra'ayi daban ya yi tambaya, domin Nijeriya ta amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988 kuma babu abin ɓoyewa a cikin batun. Hukumomin jami'o'in da suka rushe ƙungiyoyin ɗalibai kuma su mayar da su ta hanyar zaɓe na gaskiya, su daina naɗa kwamitocin riƙo da suka ga dama.

Daga ƙarshe, ya Edita, ina roƙon jaridarka ta tura wakilanta su binciko mana jami'o'in tarayya da na jihohi nawa ne suke da zaɓaɓɓiyar ƙungiyar ɗalibai a halin yanzu, nawa ne aka dakatar da tasu, tun yaushe, kuma bisa wane dalili, sannan ku buga sunayensu domin iyaye su gani kafin lokacin cike takardar JAMB mai zuwa.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta kuma uba,
Agege, Legas.